Yadda Ake Shawo Kan Kwaɗayi Lokacin Rage Ƙiba

Da safe kowa jarumi ne. Mai rage ƙiba zai tashi da cikakkiyar niyya, ya sha shayi ba sukari, ya fita yana jin yau kam ya kama hanya. Wuyar tana bayan la'asar, sa'ad da ƙamshin awara da ƙosai ya cika layi, da kuma bayan isha'i idan aka kwance takardar balangu a majalisa. Nan ake zubewa, washegari mutum ya ce shi dai ba shi da ƙarfin zuciya.

Na daɗe a wannan fama, na kuma raka 'yan uwa da abokai da dama, ban taɓa ganin wanda ƙarfin zuciya kaɗai ya kai shi gaci ba. Mutumin da ya wuni da yunwa, bai samu barci ba, ga bokitin cincin a gefen gadonsa, zai ci ko waye shi. Shi ya sa yawancin aikin da zan bayyana a nan kafin kwaɗayin ya taso ake yin sa. Mataki ɗaya ne tak ya shafi lokacin da miyau ya riga ya tsinke.

Kashedi tun farko: mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai olsa, kada su rage abinci ko su sauya lokutan ci sai sun ga likita. Ga mai sukari musamman, rawar jiki da gumi da jiri alama ce ta faɗuwar sukarin jini, kuma abin yi shi ne a sha abu mai zaƙi nan take. Wannan ba wurin dauriya ba ne.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin littafi da biro. In ka fi sabawa da waya, ita ma ta yi, muddin kana iya rubutu a ciki ba tare da ka zarce Facebook ba.

Gorar ruwa mai cin lita 1 ko 1.5, wadda za ta riƙa bin ka duk inda ka je.

Faranti madaidaici da zai zama naka kai kaɗai. Ba tire ba, ba kuma kwanon samira mai zurfi ba.

Ƙananan robobi masu murfi, ko ƙananan ledoji, na auna gyaɗa da makamantanta.

Tef ɗin tela. Sikeli yana da amfani, amma ba dole ba ne ka saya, ana hawa a kemis ko a asibitin unguwa.

Kayan tsare baki: dafaffen ƙwai, yalo, karas, kokwamba, gwaba, lemun zaƙi, kankana, nono ko kindirmo marar sukari, gyaɗa. Sayi abin da yake kakarsa, shi ya fi araha.

Asuwaki ko buroshi da man goge baki.

Sai mutum ɗaya da ka yarda da shi, wanda ya san abin da kake ciki. Ɗaya ya isa. In ka shelanta wa dangi duka, ka samu masu sa ido da masu tsokana.

Mataki na 1: Yi mako guda kana rubutu kawai

Kada ka canza komai a makon farko. Ci yadda ka saba, amma duk abin da ya shiga bakinka ka rubuta shi a lokacin: ƙarfe nawa, mene ne, a ina, kai da wa, kuma yaya kake ji kafin ka ci, yunwa ce ko gajiya ko ɓacin rai ko zaman banza. Har gyaɗar da ka saya ta tagar mota. Ke ma uwargida, har loma biyun da kika kai daga kwanon yara, da ƙanzon da kika kankare kina wanke tukunya.

Babban kuskure a nan shi ne a bari sai dare a rubuta. Tuwon dare ba ya ɓacewa a ƙwaƙwalwa, amma fanken da aka ci a tsaye ɓacewa yake yi, kuma shi muke nema.

Ranar bakwai ka zauna ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba karin kumallo ba ne, ba abincin rana ba, ba na dare ba. Za ka ga lokuta biyu ko uku ne suke ta maimaita kansu. Wani nasa ƙarfe 11 na safe ne a ofis, wani bayan la'asar, wata kuma sai yara sun yi barci ta ɗauki waya. Waɗannan lokutan za ka yi wa shiri, sauran wunin ba shi da matsala.

Mataki na 2: Koyi bambance yunwa da kwaɗayi

Yunwa a hankali take zuwa, daga ciki, bayan awa 4 ko 5 da cin abinci, kuma ba ta da zaɓe. Kwaɗayi farat ɗaya yake faɗowa, kuma da sunan abin da yake so yake zuwa: tsire, alkaki, lemo mai sanyi.

Ga gwajin da nake yi. Tambayi kanka: da dafaffen wake ne da ɗan gishiri aka ajiye mini yanzu, zan ci? In amsar e ce, yunwa kake ji, tashi ka ci abinci na gaske. In ka ji ranka ya ce a'a, shi dai awara yake so da yaji, to kwaɗayi ne, sai ka bi mataki na 6.

A lokacin zafi kuma ka fara da ruwa. Sau da yawa wanda ke mafarkin lemon kwalba a watan Afrilu ƙishirwa ce kawai ke damunsa.

Mataki na 3: Ci ka ƙoshi a lokutan abinci

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan aka fi yin ɓarna. Mutum zai ce yana rage ƙiba, sai ya ƙi karyawa, da rana ya ci biskit biyu, da dare kuma ya share malmala uku da soyayyen nama, ya kwanta yana zargin kansa. Jikin da aka hana abinci tun safe ramuwa yake yi, kuma abu mai maiƙo da zaƙi yake nema, ba kwaɗon rama ba. Saboda haka ka tsayar da lokutan ci uku, ka riƙe su, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce awa 5. In aikinka ba ya bari, sa ƙaramin ci a tsakani, wanda ka fito da shi daga gida.

Yadda za ka zuba a farantinka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, ragowar kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko doya ko taliya. A aikace, malmala ɗaya madaidaiciya kamar dunƙulen hannunka, da miya mai yawa ta kuka ko kuɓewa ko taushe ko alayyafo, da kifi ko nama ko wake. Mu mun saba da akasin haka, tuwo tuli miya ɗan tsiyaye, to juya shi za ka yi. Kwaɗon zogale ko na rama ko kabeji yana cika rabin farantin da kuɗi kaɗan, sai dai a lura da ƙuli-ƙuli da man da ake zubawa.

Abin gina jiki shi ke riƙe ciki. Wanda ya karya da shayi da biredi kaɗai, kafin ƙarfe 11 idonsa ya fara neman mai talla. Wanda ya ci dafaffen ƙwai biyu, ko alala, ko faten wake, ko ya sha nono ba sukari, zai kai azahar lafiya lau. In nama da kifi sun yi tsada, wake da waken suya da ƙwai da busasshen kifi suna yin aikin. Awara kanta abinci ce mai kyau, suyar ce ke ɓata ta. Gwada jefa ta a miya ba tare da an soya ba, ko a gasa ta a kasko da mai kaɗan.

Maganar mai kuwa, ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na abin gina jiki kuma 4. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko man ja kalori 120 ne ko kusa da haka. Ka tuna yadda ake kwarara mai a garau-garau da ɗan wake, da ido, ba awo. Daga yau da cokali za a zuba, ɗaya ya ishi faranti. Gyaɗa ma haka take: tana ƙosarwa, amma gram 30, wato cikin tafin hannu guda, ya kai kalori 170. Shi ya sa na ce a auna ta a ƙananan robobi. Wanda ya ajiye kwalba guda a gabansa yana hira, sai ya ga gindinta.

Irin abincin ma yana da tasiri a kan yawan abin da za ka ci. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya ajiye mutum 20, ya ba su abincin kamfani irin na leda da gwangwani na mako biyu, da abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Biskit, taliyar leda, kek da cakulan suna wucewa da sauri ba su cika ciki ba. Tuwon dawa da miyar kuka bai da wannan halin.

Sannan ka zauna ka ci a nitse. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, wanda ya share kwano a minti 5 kuwa zai nemi ƙari alhali ya riga ya ƙoshi. In al'adar gidanku ci a tire ɗaya ce, kuma ba ka son ware kanka, to ka shata gabanka da ido tun kafin a fara, ka fara da ganye da miya, in ka cinye gabanka ka tsame hannu. Ma'aunin da hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Kariba ya ba mu, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi, duk mun haddace shi. Aiki da shi ne ya rage.

Mataki na 4: Fara yaƙin sukari daga abin sha

In za ka gyara abu ɗaya kawai a wata na farko, to abin sha ne. Sukarin da aka sha ba ya cika ciki, ka sha kwalba guda ka kuma ci abincinka cif.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana. Ga babba, wajen gram 50 ke nan, cokalin shayi 12. Ta ce in an iya komawa rabin haka, cokali 6, ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin lissafin, don haka mai cewa shi ya bar sukari ya koma zuma bai tsira ba. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da sukari wajen gram 10 a kowane mililita 100, wato roba mai rabin lita ta cinye maka kason wuni gaba ɗaya. Juya kwalbar ka karanta jikinta, an rubuta. Lemon malt da ake ɗauka na masu lafiya ne, shi ma duba nasa.

Kada ka yanke sukarin shayi rana ɗaya, ba za ka jure ba. In cokali 4 kake sawa, koma 3 na mako guda, sannan 2, sannan 1. Harshe yana sabawa, har wata rana ka kurɓi shayin da ka saba sha a da ka ji ya gundure ka. A teburin mai shayi ka faɗi adadin da kake so tun kafin ya ɗaga cokali, ka kuma hana shi madarar gwangwani mai kauri, domin da sukarinta take zuwa.

Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da lamurje na sayarwa, mai yi ita ta san abin da ta zuba. Haɗa naka a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ka sa zaƙi kaɗan. Fura da nono kuwa abinci ce cikakkiya. In ka sha ta, ka ci abincin rana ke nan, ba abin kora shinkafa ba ce.

Mataki na 5: Gyara gida, gyara hanya

Abin da ido ke gani shi rai ke biyawa. Ɗauki yini guda ka bi gidan. Cincin, dubulan, alkaki, nakiya, biskit, duk abin da ka san kai da shi ba a shiri, ko dai ka bayar, ko ya koma ɗakin ajiya a can sama cikin roba marar nuna ciki. Kada ya kwana a ɗakin barcinka. Abin da kake so ka ci kuma ka fito da shi fili: lemu da gwaba a kan tebur, karas wankakke a gaban firji. Inda babu firji ko wuta ba ta zama, yalo da lemu da gwaba suna kwana biyu ba su lalace ba, ƙwai kuma a dafa na yini ɗaya kawai.

In da yara a gidan, ba sai an hana su ba. A sayo musu daidai na ranar maimakon katan guda.

Kada ka shiga kasuwa ko kanti da yunwa, kuma ka rubuta abin da za ka saya. In littafinka ya nuna mai tsiren bakin titi ne ke kama ka a hanyar dawowa, sauya hanya, ko ka tsallaka ɗaya gefen, ko ka ci dafaffen ƙwai kafin ka baro wurin aiki. Wasu suna barin canji a gida don kada su samu na saye. Dabarar ta yi rauni yanzu da mai tsire ma yana karɓar tiransifa, amma tana rage sayen gyaɗa da rake.

Ke mai girki, jarrabawarki ta fi ta kowa, domin wuni kike a gaban tukunya. Kada ki shiga kicin da yunwa. Ɗanɗanon gishiri da bakin cokali ake yi, sau ɗaya ko biyu, ba da yankan nama ba. Ranar suya ki sa asuwaki ko cingam marar sukari a baki. Ragowar abincin yara kuma ki rufe musu zuwa anjima ko ki ba mabuƙaci. In kin cinye don kada a yi asara, asarar tana nan, jikinki kawai ta koma.

Waya ma gida ce. In shafukan girke-girke ne suka cika miki ita, kina kallon ana yanka kek ƙarfe 11 na dare, cire su na ɗan lokaci.

Mataki na 6: Idan kwaɗayin ya riga ya taso

Abin da ya kamata ka sani shi ne kwaɗayi ba ya dawwama. Yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa, kamar hadarin da ya haɗu baƙi ƙirin iska ta watsa shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington, Alan Marlatt, ya koyar da masu fama da shaye-shaye su zauna su lura da sha'awar har ta wuce maimakon kokawa da ita, kuma dabarar tana aiki a kan abinci.

Ga yadda ake yi. Kada ka ce wa ranka ba za ka ci ba har abada, gardama za ku fara, kuma shi zai yi nasara. Ce masa sai bayan minti 15. Duba agogo da gaske. Sha ruwa kofi guda. Bar wurin, wannan shi ne mafi muhimmanci, domin ba a jira a gaban kaskon suya. Sa hannunka da ƙafarka wani aiki: taka zuwa ƙarshen layi ka dawo, yi alwala, share tsakar gida, kira mutumin nan naka ku gaisa. Goge baki, ɗanɗanon man goge baki yana kashe marmarin zaƙi.

In minti 15 sun cika, sake gwajin wake. Yunwa ce, ci abinci ko abin tsare bakin da ka tanada. Ya wuce, shi ke nan. Yana nan daram, to ci kaɗan bisa tsarin mataki na gaba.

Yana da kyau ka rubuta amsarka tun da safe, da sigar in kaza ya faru zan yi kaza. Misali: in aka kawo fanke ofis, zan ɗauki gorata in fita in sha ruwa. In na ji kwaɗayi bayan isha'i, zan sha shayin citta ba sukari in goge baki. Mai shiryayyar amsa ba ya tsayawa shawara da ransa.

Mataki na 7: Ware wa abin marmari ranarsa

Ban yarda da haramta wa kai abinci kwata-kwata ba. Duk wanda ya rantse ya bar tsire har abada, ka ba shi mako uku. Zaɓi abu ɗaya ko biyu da ka fi so, ka ba su rana a mako, ka yanke adadin tun kafin ranar: tsinke biyu, masa uku, alkaki ɗaya. Saya daidai wannan, ba za a sayo da yawa a ajiye saura ba. Ci bayan abinci, ba da yunwa ba, a faranti, a zaune, ba waya a hannu. In tsire ne, ce a cire kitse, a cika maka albasa da tumatir da kabeji.

Abin da na hana shi ne ware yini sukutum a ce yau ranar hutu ce, a ci duk abin da aka ga dama. Yini ɗaya irin wannan yana iya shafe ƙoƙarin kwana shida.

Mataki na 8: Biki, suna, ziyara da Sallah

A wurinmu ƙin cin abincin mutum magana ce, kuma ba a gyara jiki a ɓata zumunci. Kada ka je taro da yunwa, ci ƙwai ko nono kafin ka fita. In an kawo, karɓa da godiya, ka ci nama da ganye da ɗan abin da ya sawwaƙa, ka riƙe ruwa a hannu don kada a miƙo maka lemo.

Kada ka ce kana rage ƙiba. Nan take za a taso maka: wace ƙiba gare ka, ai jikin ne ya karɓe ka, ko ba ka da lafiya ne? Gajeriyar magana ta fi. Ga babba: "Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙoshi, a sa mini a leda in tafi wa yara da shi." Ga aboki a majalisa: "Malam, na riga ka, yanzu na tashi daga kan tuwo." A gidan surukai kuwa, inda ƙi ba ya yiwuwa, ci kaɗan a hankali kana yaba girkin. Mai gida santi take son ji, ba ƙirga lomarka take yi ba.

Ledar da ka taho da ita, raba ta kafin ka shiga ɗaki. Haka kayan gara da cincin ɗin Sallah da soyayyen naman layya: cire naka kaɗan, sauran ya bar gabanka. Naman layya da ke cikin bokiti a ɗaki, ana wucewa ana ɗaukar ɗaya, ya fi abincin ranar Sallar kansa yin ɓarna.

Mataki na 9: Barci

A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun sa samari 12 yin barcin awa 4 na dare biyu, suka kwatanta da dare biyu na awa 10. Da ƙarancin barci, sinadarin leptin mai sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin 100, ghrelin mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da samarin suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da na gishiri da na sitaci. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Mai tashi asuba da ke kaiwa ƙarfe 1 yana kallo, ya san inda kwaɗayinsa na la'asar ya samo asali. In dare bai ishe ka ba, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana taimakawa.

Sa wa kicin lokacin rufewa, misali awa guda bayan isha'i. Ka goge baki, an gama.

Mata da yawa kwaɗayinsu yana ƙaruwa a kwanakin da ke gaban al'ada. Ki san kwanakin, ki ƙara abin gina jiki da 'ya'yan itace, ki kuma matso da ranar abin marmarinki cikinsu.

Mataki na 10: Idan an yi tuntuɓe

Za a yi. Cincin biyar da ka ci ba su ne matsala ba, matsalar ita ce cewa tunda yau ta ɓaci bari in ƙarasa robar, Litinin na sake sabon lale. Tsaya a inda ka farga. Rubuta abin da ya faru da abin da ya jawo shi. Abinci na gaba ka ci shi a lokacinsa, yadda aka tsara. Kada ka rama da wunin yunwa, domin ita za ta kai ka ga wani tuntuɓen da dare.

In ka ga wuri ɗaya kake ta faɗuwa, koma mataki na 3 da na 5. Galibi ko abincin rana ne bai isa ba, ko abin yana kusa da hannu.

Mataki na 11: Watan azumi

Mutane da yawa suna fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda faranti biyar da ake jerawa kafin a kira salla. Buɗe baki da dabino uku da ruwa, tashi ka yi magariba, sannan ka dawo ka zuba a farantinka sau ɗaya. Minti goman nan na salla suna karya zafin yunwar. Cikin ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, zaɓi ɗaya a rana. Kunu kofi ɗaya, sukari kaɗan. Kada ka bar sahur, kuma ka sa wake ko ƙwai ko nono a ciki. Ruwa kuma a riƙa sha kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa kwanciya.

Mataki na 12: Awo, da abin da za ka guje wa

Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ka ci komai, a sikeli guda. Ragin rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne daidai. Hawa kullum yana karya gwiwa, domin ruwa da gishiri kaɗai suna motsa nauyi da kilo guda tsakanin jiya da yau. In babu sikeli, auna ƙugu da tef a saitin cibiya bayan ka fitar da numfashi, duk mako biyu. Abin nema shi ne ƙugunka ya gaza rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 85.

Guji shayin rage teɓa da ƙwayoyin da ake talla a intanet da sunan kashe yunwa. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma suna iya taɓa ƙoda da hanta. A ɗaya ɓangaren, akwai magungunan da ke buɗe ciki: irin su prednisolone da dexamethasone, da cyproheptadine da ke cikin magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe, da wasu magungunan ƙwaƙwalwa. In likita ne ya ɗora ka a kan ɗayansu, kada ka daina da kanka, koma ka gaya masa yunwa ta dame ka.

Ka je asibiti in kana cin abinci mai yawan gaske a ɓoye ka kasa tsayawa, ko kana sa kanka amai bayan ci, ko kana shan maganin gudawa don ka rama. Haka in yunwa mai tsanani ta haɗu da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ko kana ramewa ba ka rage komai ba. A wannan halin, a fara auna sukarin jininka kafin ka taɓa abincinka.